Idanun Ƙofar Sito

Na san laƙabin da ake kirana da shi a bayan idona, na kuma san ku ma kun sha faɗinsa a ɗakin uwarku kuna dariya ƙasa-ƙasa: Garba Ƙofa-ta-ƙi. Ban taɓa yin fushi ba, don suna ne mai daɗin faɗa, da wani aka laƙaba wa da ni ma na taya. Labarin da ke yawo a garin nan shi ne wai ƙofa guda tak aka ba ni in gyara ta gagare ni, Alhaji Mamuda ya sallame ni, na dawo na rungumi fartanya. Rabin labarin gaskiya ne, an sallame ni, na kuma dawo gona. Amma ƙofar nan ba ta gagare ni ba, tun zuwana na uku na san ciwonta. Na yi shiru ne don mutuncin mutum ɗaya, kakanku na wajen uwa, wanda kuke ce wa Baba na Gidan Rimi. Yanzu shi da Alhaji Mamuda duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, uwarku kuma ta ce in rubuta, gara ku ji daga bakina tun ina iya riƙe alƙalami.

Ba zan ɓata muku takarda da inda na koyi aiki ba. Abin da za ku riƙe shi ne ni mai haɗa wayar wuta ne, kuma lokacin da masu hali a unguwannin bakin birni wajen Ungogo suka shiga yayin ƙofar gareji mai tashi da kanta, wadda ake danna mata rimot daga cikin mota, ina cikin 'yan ƙalilan da suka laƙanci kanta. Alhaji Mamuda ɗan garin nan ne da fataucin hatsi ya ɗaukaka a Dawanau. Gidajensa uku a birni duk ni ke kula da ƙofofinsu, ta dalilinsa kuma abokansa suka san ni. Shi ya fara ce mini Injiniya, ni kuwa ban hana ba, har hular da nake sawa ta fara karkacewa gefe ɗaya saboda jin kai.

Sai shekarun nan masu wuya suka shigo. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero yana fid da kai, kuɗin mota ya haura, taki ya gagari talaka. Gidan da ake ɗora tukunya sau uku aka koma sau ɗaya, mata suna cika ta da rama da tafasa don tuwon ya kai ga kowa. A kasuwa aka daina awo da kwano aka koma gwangwanin madara. A cikin wannan hali Alhaji ya gina katafaren sito a bakin gari, kan hanyar Minjibir, inda yake jibge buhunan da ya saro kafin ya kai birni, babbar motarsa ma a ciki take kwana. Ya ce ƙofa irin ta gidansa yake so, amma babba, ta ƙarfe, mai aiki da sola. Kuma yana neman dattijo mai amana da zai zauna a bakinta.

Uwarku ce ta kawo maganar mahaifinta. Ku kun san shi da tsufa, yana zaune a gindin rimi yana ba ku gyaɗa, ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Rumbu uku gare shi a da, kuma ba a taɓa ganin gindin ko ɗaya ba. In ya fitar da zakka, da jaki ake rabawa. Rabin unguwarmu sun taɓa cin irin shukarsa, bai taɓa tambayar kowa ba. Shekarun nan biyu suka share shi tas, shanun huɗa suka tafi, rumbunan suka zama gidan ɓeraye, amma in ka gan shi ranar Juma'a da babbar rigarsa wankakkiya sai ka rantse bai san an yi fari ba. Da aka kai masa maganar gadi bai ce yana so ba. Cewa ya yi dama zaman gida ya ishe shi, wurin kuma akwai iska. Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta da. Shekara ashirin ina auren 'yarsa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je gaisuwa durƙusawa nake daga nesa, ya amsa yana kallon wani gefe. Na fi sanin takalmansa da fuskarsa.

To, bari in gaya muku yadda ƙofar take, don a nan maganar ta ƙullu. Ƙofar da inji ke saukewa ba ta da hankali, nauyinta ya isa ya karya bayan jaki, kuma in ta taho ba ta san mutum ba. Shi ya sa ake ɗaura mata wasu 'yan na'urori biyu a gindi, ɗaya dama ɗaya hagu, tsawon tafin hannu daga ƙasa, kowace ba ta fi akwatin ashana girma ba. Ɗaya tana jefa wani haske da idon mutum ba ya gani, ɗayar tana karɓa. Mai jefawar tana da 'yar fitila ruwan ɗorawa, mai karɓar tana da koriya. Muddin suna kallon juna sak, koriyar tana tsaye cak, ƙofa ta sauka lafiya. In wani abu ya gitta tsakaninsu, ko ɗaya ta kauce ko da kaɗan ne, sai koriyar ta hau ƙyaftawa ko ta mutu, ƙofar ta taho kaɗan ta koma sama, fitilar inji tana walƙiya. Buɗewa za ta yi, rufewa ce ba za ta yi ba. Mu masu aikin ba mu da wani suna da muke kiran su da shi sai idanu.

Ranar da na gama ɗaurawa, jama'a sun taru kallo, ni kuma kaina ya kumbura. Na mirgina buta a bakin ƙofa tana cikin saukowa, ta tsaya ta koma, aka yi ta salati. Kakanku yana gefe a kan buzunsa. Ina kallon ƙasa, amma da murya irin ta mai wa'azi, na ce:

"Baba, waɗannan idanu ne. Ba abin da zai gitta ta nan ba su gan shi ba, ko da kaza ce."

Isyaku direban Alhaji, mutum ne mai bakin tsiya da son ba'a, ya karɓe ya ce ai har rahoto suke kai wa Alhaji a wayarsa, yana kwance a birni yana kallon kowa. Aka yi dariya, ni ma na yi, ban gyara maganar ba. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, ni nawa bakin wuyan surukina ya nufa ban sani ba.

Sati biyu ba a yi ba aka kira ni, wai ƙofa ta ƙi rufuwa da yamma, sai da ƙarti huɗu suka saki injin suka jawo ta da hannu. Na zo na tarar koriyar tana ƙyaftawa. Na bi ƙa'idar aiki, wadda ita ce a fara da abu mafi sauƙi. Sito wurin ƙaiƙayi ne da dusa, na sa gefen rawani mai laushi na goge gilashin idanun biyu, na cire yanar gizo-gizo a bayan na hagu. Na ga na daman ya ɗan sunkuya, na kwance notinsa mai kunnuwa, na juya shi a hankali har koriyar ta tsaya, na ɗaure. Na ce buhu ne ya buge shi, na ja wa 'yan dako kunne, na hau babur na tafi ina jin na iya.

Bayan kwana biyar aka sake kira. Wannan karon na zauna mata sosai. Na bi waya tun daga inji har ƙasa ina lalube da yatsa, ko ɓera ya ɗanɗana, ko gara ta ci bango ta saki ƙusa. Na duba bakin wayoyin a jikin inji na ƙara matse su. Na auna batiran sola, lafiya lau. Da na lura matsalar kullum bayan la'asar take zuwa, sai na ce na kama ɓarawon: rana ce. In ta sunkuya yamma tana dukan idon mai karɓa, haskenta yakan rinjayi na ɗan'uwansa ya makance. Na musanya musu gefe, mai karɓar ya ba rana baya, na kuma yanka kwali na yi masa 'yar rumfa. Sannan na ɗaura zare daga wannan ido zuwa wancan, na ɗora awon ruwa irin na magina, na daidaita su har ba yadda za a yi a ce wani ya fi wani tsawo. Kakanku yana zaune a inuwa yana jan carbi duk tsawon aikin, da na zo sallama ya ce Allah ya yi albarka, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na ɗauka gajiya ce.

A gida kuwa, a 'yan makonnin nan, wani abu yana faruwa da ban ba shi muhimmanci ba. Kowace Juma'a sai an aiko wa uwarku da ƙullin hatsi daga gidan rimi, wai ragowar gindin tsohon rumbu ce. Ni ina da aiki, amma aikin birni a shekarar nan rabinsa a tankin babur yake ƙarewa, ku kuma kuna bakwai, don haka ƙullin nan ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Na dai lura uwarku takan daɗe a bakin rijiya tana rege shi, ruwa bayan ruwa. Wata rana na tauna tsakuwa a tuwo har haƙorina ya amsa, na yi mita, na ce yaushe aka fara tuƙa mana tuwon yashi a gidan nan. Ta ɗauke kwanon ta canza mini da nata. Washegari na ga hatsin a faifai kafin ta wanke: gero ne da dawa, da 'yan ƙwayoyin wake, har da masara jefi-jefi. Na yi noma tun ina yaro, na san ba rumbun da ake zuba hatsi haka. Amma rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami, na wuce abina.

Kira na uku bai ma iso ba na tafi da kaina, don abin ya fara taɓa mini suna. Tayar babur ta yi faci, sai na yanke ta cikin gonaki a ƙafa, na ɓullo ta bayan sito bayan la'asar, motar Isyaku ta riga ta yi lodi ta tafi, 'yan dako sun watse. Ina zagayowa kusurwa na hango kakanku, na tsaya cak a bayan dawa. Ya dubi hanya dama da hagu. Ya durƙusa a gaban idon dama, ya kama shi da hannu biyu, a hankali kamar mai juya kan jariri, ya karkatar da shi ya fuskanci bango. Ya je ya yi wa na hagu haka. Sannan ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke, ya ɗauko tsintsiya da faifai daga bayan ƙofa, ya shiga share inda buhuna suka yoyo. Yana tarawa, yana bushewa, yana tsince na cikin tsagar siminti da farce ƙwaya-ƙwaya. Mutumin da ake raba zakkarsa da jaki. Da ya gama ya ƙulle a tsumma, ya mai da rigarsa, ya dawo ya juyo da idanun yadda yake ganin suke. To ido ba mudu ba ne, ya san kima, amma kimar da na'urar nan ke so ta fi ƙarfin idon tsoho.

Ku fahimce ni da kyau, ba sata yake yi ba. Tun kakanni sharar sito ta mai shara ce, a Dawanau ma haka ake yi, ba wanda ya taɓa kiran ta da wani suna. Da Alhaji ya sani, cewa zai yi a ƙara masa da tiya biyu, kuma wannan ɗin ne kakanku ba zai iya ɗauka ba. Ba tsoron kamu yake ba, gani ne ba ya so a yi. Ya yarda har zuciyarsa Alhaji, yaron da ya taɓa ba irin shuka, yana kwance a birni yana kallonsa a waya, tsugune, yana tsintar gero a ƙasa. Ni na gaya masa idanu ne. Na koma da baya cikin dawar nan na zauna a kan kunyar gona, na tuna tsakuwar da na yi wa mita, na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Sai da na tabbatar ya koma kan buzunsa na sake zagayowa ta bakin hanya, ina tari, ina rafka sallama tun daga nesa. Na daidaita idanun na koma gida.

Bayan magariba na gaya wa uwarku. Ashe ta san asalin hatsin tun ƙullin farko, maganar idanun ce ba ta sani ba. Na ce ko ita za ta gaya masa, ta ce da wane bakin, ita da ko sunanta ba ya kira don 'yar fari ce. Na ce to a bi ta wajen innarta. Ta girgiza kai, ta ce ai innar ma cewa yake yi da ita Alhaji ne ke ba shi. Sannan ta ce:

"Malam, in ya san ka gan shi, ba zai ƙara fitowa ƙofar gida ba. Yunwa ba za ta kashe shi ba, wannan ce za ta kashe shi."

Ina cikin neman dabara abin ya riga ni. Kwana uku bayan nan ƙofar ta sake ƙi, kuma a makon an fasa wani sito a wani ƙauye gabas da mu, an kwashe kaya. Alhaji ya zo da kansa da hantsi, ransa a ɓace, ya sa aka kira ni. Na tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, ga Isyaku, ga 'yan dako, ga masu wucewa sun fara tsayawa, ga kakanku a miƙe riƙe da sandarsa. Ashe wani ya riga ya hura wa Alhaji kunne a birni, ya ce na'urar nan ba ta kaucewa da kanta sau huɗu, hannu ne ke taɓa ta, kuma mai taɓawar so yake ƙofa ta kwana a sake don wasu su shigo. Bai ambaci kowa ba, amma mutum nawa ne ke zama a bakin ƙofar? Na ga 'yan dako sun fara satar kallon tsohon. Alhaji ya juyo gare ni ya ce:

"Injiniya, kai ka san kayanka. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa a gaban mutane. Hannu ne, ko aiki ne?"

Idona yana ƙasa, a kan takalman nan na kakanku da na sani. Na ga babban yatsansa ya danne bakin takalmin har farcen ya yi fari. In na ce hannu ne, an gama, ya zama abokin ɓarayi. In na faɗi dalilin hannun, na wanke shi daga sata na tsiraita shi a gaban 'yan dakon da ya ciyar da iyayensu. Na ce:

"Aiki ne, Alhaji. Ni ne ban ɗaure da kyau ba."

Na sha tambayar kaina ko ƙarya na yi, har na taɓa kai wa liman maganar a kaikaice. Abin da na tsaya a kai shi ne lallai akwai abin da ban ɗaure ba ranar farko, bakina ne. Allah ya yafe mini ragowar.

Alhaji ya yi tsaki, amma da a nan aka tsaya da wataƙila faɗa kawai zai yi ya huce, don ba mugu ba ne. Sai ya ce tunda idanun ne fitina, in cire su. An gaya masa wasu masu gyara suna kwance su su haɗa su fuska da fuska a can saman inji su naɗe da salatif, ƙofa ta riƙa rufuwa ko me ke gabanta. Na san dabarar, minti biyar ce. Na dubi bakin ƙofar nan inda 'yan dako ke miƙe ƙafa su sha fura, inda mata masu tallar abinci ke sauke kaya da goyo a bayansu, inda tsohon da kansa ke tsugunawa da faifai. Na ce ya yi haƙuri, wannan kam hannuna ba zai yi ba, ƙarfen nan in ya sauko kan mutum ba a ba shi haƙuri. Ya ce, to, gyara ya gagare ni, cirewa kuma na ƙi, in tattara kayan aikina, ƙofofin birni ma zai nemi wani. Na ce na gode, amma ina roƙon alfarma ɗaya, ya bar ni in daidaita su na ƙarshe, in kuma nuna wa Isyaku yadda ake yi kafin a sami mai gyara. Ya ɗaga hannu ya koma mota yana waya.

Na jawo Isyaku muka tsuguna, na zaɓi gefen da ya fi kusa da buzun tsohon. Na ɗaura zarena, na juya ido har koriyar ta tsaya, ina bayani da ƙarfi kamar Isyaku kurma ne, har ya ce mini ai yana ji. Na sa hannuna a tsakani, koriyar ta mutu. Na cire na sa takalmina, ta mutu. Na sa buta, ta mutu. Na ce ya gani, ba ta bambance hannu da buta ba. Sannan na ce:

"Isyaku, ka daina tsorata mutane da maganar waya. Sunan idanu kawai gare su, makafi ne. Ba sa ɗaukar hoto, ba sa kai rahoto, ba su san mutum ba. Junansu kaɗai suke gani. Ko rawa ka yi a nan ba wanda zai sani, in dai ba ka taɓa su ba."

Isyaku ya yi dariya ya ce ai shi wasa yake yi. Ban waiwaya ba, amma na ji carbin da ke tafiya a bayana ya tsaya, ya daɗe bai ci gaba ba. Na ɗaure notina, na kwashe kayana.

Daga ranar ƙofar nan ba ta ƙara ƙin rufuwa ba. Alhaji ya kawo wani daga birni da jaka mai ƙyalli, ya zagaya ta, ya goge gilashi, ya hura, ya ce ya gyara, aka yi ta yabonsa. Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Ni kuwa labari ya riga ni isa Ungogo, abokan Alhaji suka daina kira ɗaya bayan ɗaya, kafin kaka na sayar da babur na koma gonar da mahaifina ya bari. Ba zan ce muku bai yi ciwo ba. Mutum ya ƙware a abu a ce bai iya ba, a kuma raɗa masa suna a kai, akwai zafi, na sha haɗiye amsa a majalisa. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wadda ta fi kowa biyan kuɗin shirun nan ke ce, Rabi. Shekarar ce aka cire ki daga makarantar kwana kika dawo ta jeka-ka-dawo, kin yi kuka kwana uku, kin tambaye ni dalili na ce hali ne. Ga dalilin nan yau, ki yafe mini.

Ƙullin Juma'a ya ci gaba da zuwa har sabon gero ya shigo, kuma ban ƙara mitar tsakuwa ba, taunawa nake a hankali in yi bismilla. Damina ta gaba Allah ya saki ruwa. Gona ta karɓe ni fiye da yadda na zata, na gano ashe barcin manomi ya fi na mai jiran kira daɗi, ga ni kullum a gida ina ganin girmanku. Kakanku ya ajiye gadi da ya cika rumbu ɗaya, kuma damin farko da aka ɗaure a gonarsa a ƙofar gidana aka sauke, ba saƙo, ba bayani. Haka muka ci gaba, ni ina durƙusawa daga nesa, shi yana amsawa yana kallon gefe, shekara tara maganar ba ta taɓa fitowa ba. Har na fara zaton bai san na sani ba.

Sai a ciwonsa na ƙarshe, wata ranar Laraba da hantsi, ya aiko a kira ni ni kaɗai. Na shiga ɗakin na durƙusa a bakin tabarma, kaina a sunkuye, na gaishe shi da jiki. Ya amsa. Sai na ji ya ce in matso. Na matsa. Ya ce in ɗago. Ban taɓa jin umarni mai nauyin wannan ba, amma na ɗago, muka dubi juna.

"Malam, ka ce makafi ne."

"Makafi ne, Baba."

"Kai fa?"

 Na ce:

"Ni ai suruki ne, Baba. Ƙasa nake kallo."

"Ai a ƙasan abin yake," in ji shi.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni ma na yi, hawaye na zuba a gemuna, na tallafo shi na ba shi ruwa da hannuna. Ya riƙe wuyan hannuna ya daɗe bai saki ba, ya sa mini albarka, ya sa muku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, har uwarku ya kira sunanta ranar. Kwana huɗu bayan nan aka kai shi makwancinsa.

Saboda haka in kun ji an ce Garba Ƙofa-ta-ƙi, kada wanda ya yi faɗa a kaina, ku amsa musu kawai, ni ma amsawa nake yi. Ranar nan ce kaɗai na ga fuskar kakanku sosai a shekara ashirin da tara. Idanunsa ba baƙaƙe ba ne kamar yadda na ɗauka, ruwan ƙasa ne, da ɗan ɗigo a farin na hagu. Irin naki ne sak, Rabi.